Mun Je Neman Fagen Yaƙin Jamus a Garwa

Abin da ya tashe mu wannan tafiya tambaya ce ta yara. Sun ga tankokin yaƙin Jamus a fim, sun kuma ji cewa Jamusawa sun yi yaƙi a Garwa, sai suka matsa mana lallai mu kai su inda aka ajiye tankokin. Muka yi musu bayani cewa babu tanka ko ɗaya da ta taka ƙasar Kamaru a wancan yaƙi. Ingila ce ta fara fito da tanka fagen daga a Faransa cikin Satumba 1916, watanni bakwai bayan an gama yaƙin Kamaru. Ta Jamus, mai suna A7V, sai a 1918 ta shiga yaƙi, guda 20 kacal aka ƙera, kuma ɗaya tak ta rage a duniya, tana gidan tarihi a Birisben ta ƙasar Ostireliya. Ransu ya ɗan ɓaci. Muka ce su sa takalma, akwai abin gani ko babu tanka.

Bayan la'asar muka tsaya a kan gadar Binuwai, muka juyo muna fuskantar gari. Daga nan mutum yake gane dalilin da ya sa Bature ya ƙwallafa rai a kan Garwa: ga kogi da jiragen ruwa suke hawowa a wancan zamani da damina tun daga Neja, ga tudu da yake kallon kogin, ga hanyar Yola a yamma. Jamusawa sun kama wurin ne a 1901, a shekarar da Ingilishi suka fitar da Lamiɗo Zubairu daga Yola, aka raba ƙasar Adamawa tsakanin baƙi biyu ba tare da an tambayi masu ita ba. A kan tuddan nan suka gina ganuwoyinsu, suka haƙa ramuka, suka ja waya mai ƙaya. Yau gidaje da ofisoshi da itatuwan dalbejiya sun lulluɓe wurin, kuma wanda bai zo da labarin a kansa ba zai wuce bai san ya taka fagen fama ba.

Sau biyu aka gwabza a nan. A ƙarshen Agusta 1914 rundunar Ingila ta taso daga Yola ƙarƙashin Laftanar Kanar Makiliya, ta afka wa ganuwoyin da dare. Aka fatattake ta, shi kansa kwamandan ya mutu, sauran suka koma Yola a wahalce. Kyaftin Fon Kirailshaim, shugaban Jamusawan Garwa, ya yi watanni yana ƙara ƙarfin ganuwa da gumin talakawan ƙasar, har ya samu zarafin kai hari Gurin, cikin Nijeriya, a Afirilu 1915. Sa'an nan Kanar Kanlif na Ingila da Kanar Birise na Faransa suka haɗa ƙarfi suka kewaye garin. Ingilishi sun ciro babbar igwa daga wani jirgin yaƙinsu na teku, suka hawo da ita Binuwai, Faransawa ma suka kawo tasu. Daga 31 ga Mayu aka yi ta ruwan wuta. Ranar Alhamis 10 ga Yuni 1915, a ƙarshen watan Rajab na 1333, aka ɗaga farar tuta. Turawan Jamus 37 da sojojinsu baƙar fata 212 suka miƙa wuya.

A nan muka daɗe muna magana, domin a nan labarin ya zama namu. Hafsoshi ne Turawa, amma masu riƙe da bindiga a ɓangarorin duka, da masu dakon harsashi da masu jan igwa, 'yan Afirka ne, kuma akwai Musulmi da yawa a cikinsu: Hausawa, Barebari, Fulani da sauransu. Daular Usmaniyya tana bayan Jamus, sarakunan Arewacin Nijeriya suna ba Ingila gudunmawar kuɗi, shi kuwa soja talaka an ɗora masa rigar da ya samu ne. Mai yiwuwa wanda ya harba da wanda aka harba alƙibla ɗaya suka fuskanta da asubar ranar.

Da wutar igwa ta yi tsanani, wasu daga sojojin Jamus baƙar fata suka ƙi umarni, suka gudu suka faɗa Binuwai don su haye. Ruwa ya fara cika a lokacin. Kimanin gawa 70 aka tsamo. Mun san sunan kyaftin, mun san na kanar-kanar, su kuwa lamba ce kawai. Wannan ba a Garwa kaɗai ya faru ba. A 2021 hukumar da take kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen renonta ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Mu ba mutanen gina kabari da ado ba ne, addininmu bai koya mana haka ba, amma rashin dutse daban, mantuwa daban.

Mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka kama a Garwa ya tsira da sunansa: Chari Maigumeri. Ya fara soja a hannun Jamus, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu har Bama, ya yi ritaya a 1953. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Faɗuwar Garwa ta buɗe hanya: Ngaundare ta faɗi a ƙarshen Yuni, Banyo a Nuwamba. Kyaftin Fon Raben ne ya yi taurin kai a kan dutsen Mora, arewa da Marwa, tun Agusta 1914 har 18 ga Fabrairu 1916, kuma da saukowarsa mulkin Jamus ya ƙare a Kamaru. Mun so mu kai yaran can, amma dattawa suka ce a dakata saboda halin tsaro na wannan yanki, muka bi shawararsu.

Muka sauka daga gada zuwa bakin ruwa. Masu ɗibar yashi suna ta loda kwalekwale, mata suna tattara wanki, ruwan kuwa ya lafa. Babban cikinmu ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga Musulmin da suka rasu a wannan wuri, na wannan ɓangare da na wancan, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu, muka shafa. Ƙaramin yaron da ya fi kowa damuwa da tanka ya tambaya ko iyayen waɗanda ruwa ya ci sun samu labari. Kafin wani ya ba shi amsa aka kira magariba, muka tsuguna muka yi alwala a gefen kogin.