Harara-garke

Mun daɗe ba mu san sunansa ba. A wurinmu shi Harara-garke ne, shi ke nan. Da zarar fuskarsa ta fito a fim ɗin kaboyi sai silima ta kaure da ihu, don kowa ya san mugu ya iso, kuma da wuya ya kai ƙarshen fim da ransa.

Yayana ne ya fara shiga da ni kallon Once Upon a Time in the West, fim ɗin Sergio Leone na 1968, wanda ya tsufa kafin ya zo mana. Silimar ba rufi, ga sanyin hunturu. 'Yan bindiga uku suna jiran jirgin ƙasa a wata tasha a tsakiyar daji, an ɗau lokaci ba mai cewa uffan. Na ƙosa, na ce, "Yaya, yaushe za a fara harbi?" Ya ce, "Yi shiru, kalli ƙudan can."

Ƙuda ne kuwa ya sauka a fuskar Harara-garke, ɗaya daga cikin ukun. Ya hura masa iska, ya motsa leɓe, ƙuda ya ƙi tafiya. Can ya lallaɓa ya rufe shi a bakin bindiga, ya toshe da yatsa, ya kara a kunne yana sauraren kukansa kamar mai jin rediyo. Jim kaɗan Charles Bronson ya sauko daga jirgi ya harbe su duka uku. Aikin Harara-garke a fim ɗin ya ƙare ke nan. Ni dai har yau ƙudan nan na fi tunawa, ba Bronson ba.

Sai da na girma na san sunansa Jack Elam, haifaffen Arizona ta Amurka a 1920. Idon nan na hagu da muke wa dariya, wani yaro ne ya soke shi da fensir yana ƙarami, ya daina gani da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, akanta ne a kamfanonin fim kafin ya fara fitowa. Wai wannan fuskar ce aka ba amanar lissafin kuɗi!

Ya fito a High Noon a 1952 a matsayin mashayin da ke barci a kurkuku, ya kuma yi ta zarya a shirin talabijin na Gunsmoke, yau wannan mugu gobe wancan. Daga baya furodusoshi suka gane abin da mu 'yan benci muka daɗe da ganewa: mutumin nan ɗan barkwanci ne. A Support Your Local Sheriff! na 1969 ya zama mataimakin James Garner, a The Cannonball Run na 1981 kuwa likita mai yawo da allura, wanda ko zazzaɓi na kashe ka ba ka yarda ya taɓa ka.

Ya rasu a Oregon a 2003. Da na gaya wa Yaya cewa Jack Elam ya mutu, sai ya ce, "Wa ke nan?" Na ce, "Mai ƙuda." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe yana da suna."