Jega, Aliero da Maiyama: A tanadi kuɗin kashe gobara kafin kuɗin jaje

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta kaɗa, ciyawa ta bushe, sai labarin gobara ya cika gidajen rediyo da shafukan jaridu. Abin da ke biyo baya kuwa kowa ya haddace shi. Manyan jami'ai su je jaje da jerin gwanon motoci, a kafa kwamiti, a yi alƙawarin tallafi, bayan wasu makonni a raba buhunan shinkafa da kwanon rufi. Ban raina wannan ba, domin wanda ya kwana a kan toka ya san darajar tabarma. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aljihun hukuma ke saurin buɗewa bayan wuta ta gama ɓarna, alhali kafin ta tashi a ɗaure yake tamau.

Ni malamin jami'a ne a Aliero, iyalina suna Jega, surukaina kuma mutanen Maiyama ne. Saboda haka mako ba ya wucewa ban bi hanyar da ta haɗa garuruwan nan uku ba, kuma da wuya in yi tafiyar minti goma ban shiga bayan tankar mai ko tirela ba. Wannan ita ce babbar hanyar da ta taso daga Kudu ta Kwantagora da Yawuri da Koko, ta ratsa Maiyama, ta iso Jega. A nan ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, har Illela da ke fuskantar Birnin Ƙonni. Ɗaya kuma ta nufi Birnin Kebbi, daga can a miƙe zuwa Kamba, ƙofar Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin.

Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, ta yi iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Jamhuriyar Benin. Idan ana lissafin ƙananan hukumomin kan iyaka, Dandi da Arewa da Bagudo ake fara kawowa, kuma hakan daidai ne. Jega da Aliero da Maiyama ba su taɓa layin iyaka ba a taswira. Sai dai kayan da ke nufar iyaka, da wanda ke fitowa daga can, kaso mai yawa ta ƙofar gidajenmu yake wucewa. A nan direbobi ke yada zango, a nan ake sauke kaya a sake lodi. Ribar cinikin iyaka tana tafiya inda za ta tafi, haɗarinsa kuwa a bakin titinmu yake kwana.

Mafi girman wannan haɗari shi ne man fetur. A watan Nuwamba na 2019, Hukumar Kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, da nufin daƙile fasa-ƙwauri. Amma hani bai kashe buƙata ba. Mai babur da mai injin ban-ruwa a garuruwan iyaka dole su sami mai, sai jarka ta maye gurbin famfo, ɗakin kwana da shago suka zama ma'ajiya. Mun ga ƙarshen irin wannan a Seme-Krake, kan iyakar Benin da Najeriya, inda ma'ajiyar man fasa-ƙwauri ta kama da wuta a watan Satumba na 2023, mutum fiye da 30 suka rasu. A Yamai, tanka ta fashe kusa da filin jirgin sama a watan Mayu na 2019, ta hallaka fiye da 50. A Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka tafi a dare ɗaya. Wata uku bayan nan, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka sake rasa fiye da 80. Duk wanda ya san cunkoson mahaɗar Jega da yamma, da masu suya da masu shayi da 'yan bumburutu a jere bakin kwalta, ba ya buƙatar a fassara masa waɗannan alƙaluma. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ko an ajiye maganar mai a gefe, arzikin garuruwan nan uku kusan duk abincin wuta ne. Aliero ta yi suna da albasa har Kudancin Najeriya da ƙasashe maƙwabta, kuma manomi ba ya cin riba sai ya adana ta watanni, ya jira farashi ya tashi. A rumbunan kara da ciyawa ake wannan ajiya, domin albasa tana son iska, kuma sau da yawa rumbunan a jere suke, kafaɗa da kafaɗa. Jega gari ne na kasuwa tun ƙarni na 19, rumfuna da shaguna sun cushe, lungunan da ke tsakaninsu ko amalanke da ƙyar take ratsawa. A Maiyama da ƙauyukanta, bayan kaka za ka tarar da dammunan gero da tarin shinkafa da harawa a bayan gida, kusa da murhu. Ga kuma ɗalibanmu da ke haya a cikin gari, uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, da tukunyar gas kusa da katifa, da wayar lantarki da aka ja ba bisa ƙa'ida ba.

Shekarun baya ina da wani ɗalibi mai hazaƙa a aji uku, wanda ya ɓace daga aji ana tsakiyar zango. Da ya dawo neman takardar jingine karatu, sai ya shaida mini cewa rumbunan albasar mahaifinsa sun ƙone ƙurmus a dare ɗaya, tare da na maƙwabta. Da bokiti da ƙasa mutane suka yi ta fama har wutar ta gaji don kanta. Ba a rasa rai ba, don haka labarin bai kai gidan rediyo ba. Amma kuɗin makarantarsa da na ƙannensa biyu yana cikin tokar nan, haka ma bashin taki da na iri. Yaron bai dawo ba sai bayan shekara biyu. Irin wannan asara ba ta shiga rahoton kowa, amma ita ce ke mayar da gida mai rufin asiri gidan bara.

Manyan kasuwanninmu ma ba su tsira ba. Babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone a watan Maris na 2016, a daidai lokacin da ta Sabon Gari a Kano ta ƙone. Ta Sakkwato ta bi sahu a Janairun 2021, ta Katsina kuma a Maris na wannan shekarar. Waɗannan duk manyan birane ne, inda hedikwatar 'yan kwana-kwana take. To, ina ga garin da zai jira agaji daga nesa?

Nauyin wa ke nan? Akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda dokarta ta samo asali tun 1963, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Tsarin mulki bai keɓe wannan aiki ga tarayya ita kaɗai ba, shi ya sa kowace jiha take da tata hukumar. Akwai hukumar agajin gaggawa ta NEMA da aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi, waɗanda aikinsu ya fi fitowa bayan bala'i. Akwai Hukumar Raya Al'ummomin Kan Iyaka, mai doka tun 2003. A 2024 an ƙara da Hukumar Raya Arewa Maso Yamma, kuma a watan Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙofofin kuɗi ke nan har biyar ko shida. Matsalar ita ce, aikin da ya zama na kowa yakan tashi ba na kowa ba.

Idan ma an waiwayi kashe gobara, abin da aka fi so shi ne sayen mota, domin mota tana da kyau a hoto ranar ƙaddamarwa. Alhali mota kashi ɗaya ce cikin aikin. Ruwan da take ɗauka lita dubu kaɗan ne, mesa tana zuƙe shi cikin 'yan mintuna, idan babu wurin sake cikawa kusa, sai ta koma 'yar kallo. Wutar fetur kuma ba a kashe ta da ruwa, domin mai yana tasowa saman ruwa ya bi shi ya bazu, sai da kumfa ta musamman. Sannan ga lokaci. Daga Birnin Kebbi zuwa Jega ya haura kilomita 30, rumbun kara kuwa ba ya jiran rabin awa. Ga man motar, ga taya da batir, ga direba da ma'aikatan da za su kwana a bakin aiki. Waɗannan su ne kuɗin yau da kullum da ba a yanka musu kirtani, kuma rashinsu ne ke mayar da sabuwar mota kangon ƙarfe.

A Amurka, tun 2001 gwamnatin tarayya take da wani asusu da ƙananan rundunonin kashe gobara ke nema kai tsaye, su bayyana haɗarin da ke yankinsu, su kawo ɗan kaso daga aljihunsu, a ba su sauran don kayan aiki da horo. Mafi yawan masu kashe gobara a can, haka ma a Jamus, 'yan sa-kai ne da aka horar, masu sana'o'insu. Ba arzikinsu nake kwaɗayi ba. Tsarin ne abin dubawa: kuɗi yana bin inda haɗari yake, kuma yana isa hannun waɗanda za su fara isa wurin wuta.

Shawarata ita ce a ɗauki garuruwan nan uku a matsayin yanki ɗaya na kashe gobara. Jega ce a tsakiya, kuma daga ita zuwa Aliero ko Maiyama bai wuce tafiyar minti 20 zuwa 30 ba. A ƙarfafa cibiya guda a can, mai tankar ruwa da kumfa da ma'aikata dare da rana. A Aliero da Maiyama a ajiye ƙananan rassa masu keke mai ƙafa uku ɗauke da tanki da famfo, wanda zai iya kutsawa lungu ya riƙe wuta kafin babbar mota ta iso. A haƙa rijiyar burtsatse mai hasken rana da babban tanki a kowace kasuwa da kowane dandalin rumbuna, a kuma gyara mashiga a bakin gulbin Jega inda mota za ta ja ruwa. Ma'aikatan sa-kai kuwa muna da su a shirye. Manoman fadamarmu sun ƙware da injin ban-ruwa da mesa, 'yan dako da 'yan ƙungiyar direbobi kullum suna bakin hanya, horo da kayan kariya kawai suke buƙata.

Kuɗin ya kasance tallafi tsayayye na kowace shekara. Tarayya ta ɗauki kayan aiki ta hannun hukumomin iyaka da na raya yanki, bisa hujjar cewa hanyar da ke ciyar da iyaka ɓangare ce ta iyaka. Jiha ta ɗauki albashi da horo. Ƙananan hukumomin uku su haɗa kuɗin mai da gyara, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu albasa su sa nasu kaso, su kuma sami kujera a kwamitin da ke duba asusun. A riƙa liƙa lissafin a ƙofar sakatariya duk wata uku.

Na san za a ce ga matsalar tsaro, ga tsadar rayuwa, kashe gobara ba shi ne a gaba ba. Amma gwamnati tana biyan kuɗin gobara ko ta so ko ta ƙi, ta hanyar tallafin jaje da sake gina kasuwa da harajin da ya salwanta. Zaɓin da ke gabanta shi ne ta biya kaɗan da wuri, ko ta biya da yawa a makare. Wasu kuma za su ce ƙaddara ce. Haka ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah bai hana riƙo da sababi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kasafin kuɗi ana tsara shi ne a ƙarshen shekara, daidai lokacin da hunturu ke shigowa. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin uku, da wakilanmu a majalisar jiha da ta tarayya, da iyayenmu sarakuna, su zauna a teburi ɗaya su rubuta buƙata ɗaya. Mai karatu kuma, idan ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi nawa aka ware wa kashe gobara a garinku, kuma ina ruwan da za a kashe ta da shi. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu daga sharrin wuta.