Ziyara Zuwa Ruwanda: Ƙasar Da Mata Ke Sake Koyon Numfashi

A wannan watan za mu leƙa Ruwanda ne, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke tsakiyar Afirka ta ɓangaren gabas, wadda girmanta bai kai na jihar Zamfara ba. Da yawanmu ba mu san ta da komai ba sai labarin kashe-kashe, to amma abin da ya fi tsaya mini a rai game da ita shi ne yadda matanta suke jinyar abin da kashe-kashen suka bar musu a jiki.

Kigali, babban birnin ƙasar, a kan tuddai yake zaune, duk inda kika nufa ko dai hawa kike ko gangara. Garin yana da sanyi-sanyi saboda tsayinsa, ga tsafta kamar an share shi da tsintsiyar laushi. Tun shekarar 2008 aka hana amfani da leda, don haka ko burodi kika saya a takarda za a naɗe miki. 'Yan acaɓa kuwa kowanne da hular kwano biyu, ɗaya tasa ɗaya ta fasinja, kuma ba zai tashi ba sai kin ɗora taki a kan mayafi. Ni dai a unguwar Nyamirambo na sauka, wadda ita ce unguwar da Musulmi suka fi yawa, inda ake jin kiran salla daga masallatai, ga shagunan teloli da na masu kitso, ga wuraren shan madara da shayi. Nan ne kawai a garin na ji kamar ina Fagge.

Duk baƙon da ya zo, wurin da ake fara kai shi shi ne Gisozi, inda aka gina gidan tunawa da kisan ƙare dangi, aka buɗe shi a 2004. Mutum sama da 250,000 ne aka binne a wannan waje. Daga ranar 7 ga Afrilu 1994 zuwa tsakiyar watan Yuli, wato cikin kwana ɗari, an hallaka mutanen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta sun kai 800,000, gwamnatin ƙasar kuma ta ce sun haura miliyan ɗaya. Mafi yawansu 'yan ƙabilar Tutsi ne, tare da Hutun da suka ƙi goyon bayan ta'asar. Yawanci da adda aka yi kisan, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya kashe maƙwabcinsa. Matan da aka yi wa fyaɗe an ƙiyasta su tsakanin 250,000 zuwa 500,000, da yawa daga cikinsu kuma suka fito da cutar ƙanjamau. Akwai wani ɗaki a gidan da aka jera hotunan yara, ƙarƙashin kowane hoto an rubuta abincin da yaron ya fi so da kuma yadda aka kashe shi. Uwa ba ta iya daɗewa a ɗakin nan.

To a nan ne na fara jin wata kalma ta harshensu da ta buɗe mini ido, wato “ihahamuka”. Da ita suke kiran ciwon da firgita ke bari, kuma tushenta daga “ibihaha” ne, ma'ana huhu. Ke nan a wajensu wanda ya firgita shi ne wanda numfashinsa ya ƙwace masa. Kowace shekara idan makon makoki ya zo a watan Afrilu, a wajen tarukan tunawa akan ga mutane, galibi mata, sun yanke jiki sun faɗi, wasu na ihu suna cewa ga su nan sun zo da adduna, wasu na ɓuya a ƙarƙashin kujera, har sai ma'aikatan agaji sun ɗauke su. Wani binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta yi a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 28 cikin ɗari na waɗanda suka tsira suna fama da wannan ciwo, shekara ashirin da huɗu bayan an daina kisan.

Uwargida, bari in ɗan tsaya a nan, domin shi ne gundarin maganar. Idan mutum ya shiga haɗari, jikinsa ba ya jiran shawararsa. Nan take ƙwaƙwalwa ke ba da umarni, wasu sinadarai su kwarara cikin jini, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, tsoka ta ɗaure, don mutum ya gudu ko ya kare kansa. In kuwa babu halin gudu babu halin faɗa, kamar macen da ƙarti suka danne, sai jiki ya sandare. Wannan rahama ce daga Ubangiji a lokacin da ake cikin haɗarin. Matsalar ita ce a wajen wasu, haɗarin yakan wuce amma jiki bai samu labari ba. Sai ki ga an yi shekaru mace ba ta barci, ƙofa ta buga ta zabura, wani wari ko wata murya ya mayar da ita ranar da abin ya faru. Kullum kai na ciwo, ƙirji a cushe, kafaɗu a ɗage. Wata kuma sai ta daina jin jikinta kwata-kwata, kamar na aro ne. Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, komai ya wuce, ita ma ta sani, jikin ne bai yarda ba. Wannan ne ya sa wasu masana ilimin halayyar ɗan Adam suka ce tunda a jiki ciwon ya maƙale, to a bi shi ta jikin. Ɗaya daga cikinsu, Ba'amurke Peter Levine, ya kafa hujja da namun daji: barewar da ta kuɓuta daga bakin zaki takan tsaya ta yi ta karkarwa, sannan ta koma kiwonta.

Yadda abin ya shigo Kigali kuwa labari ne mai ɗaci. Bayan an kafa kotun duniya a garin Arusha na Tanzaniya, sai matan da aka yi wa fyaɗe suka gane cewa waɗanda ake tsare da su a can ana ba su maganin ƙanjamau, alhali su da aka sa wa cutar suna mutuwa babu magani. Kukan da suka yi ne ya sa wasu likitoci da 'yan gwagwarmaya daga Amurka suka kafa ƙungiyar WE-ACTx a 2004, suka buɗe asibitin sha-ka-tafi a Kigali. Magani ya samu, jiki ya fara murmurewa, amma barci bai dawo ba. A 2007 sai aka gayyato wata malamar yoga mai suna Deirdre Summerbell don a gwada a gani, aikin da daga baya ya zama shirin Project Air. Abin da aka fi ruwaitowa daga matan da suka shiga shi ne, a karo na farko cikin shekaru sun yi barci har gari ya waye.

Mai masaukina, wata ma'aikaciyar jinya Musulma, ta kai ni wani zaure inda wasu mata kamar su goma sha biyar suke haɗuwa mako-mako don irin wannan atisaye. Ba abin da muke gani a talabijin ba ne, na 'yan mata da matsattsun kaya suna naɗe ƙafa a wuya. Dattawa ne cikin zannuwansu, wasu a kan tabarma wasu a kan kujera, babu namiji ko ɗaya. Malamar ba ta taɓa jikin kowa, kuma ba ta ba da umarni. Sai dai ta ce wadda take so ta ɗaga hannu, wadda ta ga dama ta rufe ido, wadda ba ta so ta bar shi a buɗe. Ta ce su lura da tafin ƙafarsu a ƙasa, su ji sanyin siminti. Su ja numfashi, su sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Da farko na ɗauka sanyin hali ne kawai irin na malamar, sai mai masaukina ta fahimtar da ni cewa maganin ke nan. Macen da aka taɓa ƙwace mata iko da jikinta, ba a warkar da ita da wani sabon umarni. So ake ta sake ɗanɗana cewa ita ke da zaɓi, ko da a kan ɗaga hannu ne. Shi kuma dogon fitar numfashi, sananne ne a likitance cewa yana rage gudun bugun zuciya.

Ba a Ruwanda kaɗai aka gwada ba. A yankin Boston na Amurka, likitan ƙwaƙwalwa Bessel van der Kolk da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon wani bincike a 2014, wanda suka yi da mata 64 da ciwon ya ƙi jin magani. An raba su gida biyu, rabi suka yi irin wannan yoga awa ɗaya a mako har mako goma, rabi kuma aka riƙa ba su darasin kiwon lafiya. A ƙarshe kashi 52 cikin ɗari na 'yan rukunin farko sun fita daga ma'aunin masu ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kashi 21. Sakamako ne mai kyau, amma mu lura, mata 64 ba su da yawa, kuma kusan rabin masu yogar ba su rabu da ciwon ba. Don haka duk wanda ya ce miki wannan ya maye gurbin likita ko magani, to kasuwarsa yake ci. Taimako ne a kan taimako.

Na san tambayar da ke bakinki, domin ni ma ita na yi wa matan Nyamirambo: shin ya halatta? Gaskiya ce ba a ɓoye ta, yoga daga Indiya ta fito, kuma asalinta a cuɗe yake da bautar Hindu. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta saboda wannan dalili. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: wadda ta ƙunshi kirarin bauta da ambaton gumaka haramun ce, wadda kuwa motsa jiki ce zalla babu laifi. Abin da na gani a zauren nan babu ambaton kowa a cikinsa, miƙe gaɓoɓi ne da numfashi. Duk da haka wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta tambayi malaminta, kuma ba dole sai da sunan yoga ba. Mu ma ai addininmu bai raba zuciya da gangar jiki ba. An umarci mai fushi da ya zauna in a tsaye yake, in bai huce ba ya kwanta, an kuma hore shi da alwala. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa. Ga kuma natsuwa a ruku'u da sujada, wadda ba a cika salla sai da ita.

Ina zaune a zauren nan hankalina ya tafi ga matanmu na Borno da Yobe da suka fito daga hannun Boko Haram, da na Zamfara da Katsina da aka karɓo daga daji bayan an biya kuɗin fansa. Mace ta dawo gida, a yi barka, a yi sadaka, shi ke nan. Bayan wata uku idan ta fara zabura cikin dare, ko ta ƙi yarda mijinta ya matso kusa da ita, sai a ce iska ce, ko a ce ta cika raki, ba ta da tawakkali. A yi mata ruƙiyya, wannan alheri ne, amma a haɗa da kai ta asibiti, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware. Kuma don Allah a daina tilasta mata ba da labarin abin da ya faru ga duk wanda ya zo jaje.

Kafin in baro ƙasar sai da na yi tafiyar kusan awa uku zuwa kudu, garin Huye, wanda a da ake kira Butare. Hanya ce mai lanƙwasa tsakanin gonakin ayaba da fadamun shinkafa. A al'adar Ruwanda ganga ta maza ce, ta fadar sarki, mace ba ta kaɗa ta. A 2004 wata mai shirya wasan kwaikwayo, Odile Gakire Katese, ta tara mata ta kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Ingoma Nshya, ma'ana sabuwar ganga, ko kuma sabon mulki, domin kalmar tana ɗaukar duka biyun. A cikinsu akwai waɗanda aka kashe wa maza da iyaye, akwai kuma mata da 'ya'yan waɗanda suka yi kisan. A 2010 har shagon askirim suka buɗe a garin don su samu abin rufin asiri.

Na same su suna gwaji, a tsaye a jere, kowacce da ganga mai fatar saniya a gabanta da sanduna biyu a hannu. Abin ya tuna mini da luguden matan ƙauye a bakin turmi, inda in ɗaya ta saɓa duk sai a ji. Babu mai tambayar wata 'yar wace ƙabila ce, hankalin kowa na kan hannun ta kusa da ita. Ƙarar tana shiga ta tafin ƙafa ta hau har ƙirji. Da suka tsaya, gumi na zuba, wata dattijuwa a ƙarshen layi ta ajiye sandunanta, ta dafa ƙugu, ta ja numfashi mai tsawo, sannan ta yi wa ta kusa da ita tsiyar cewa ita ce ta riga kowa gajiya.