Tsirkiyar Kamfani da Kuɗin Baiko

Matasanmu a Kajiji sun kasu biyu a kan sabuwar jitar bas da ikilisiya ta saya. Wasu sun ce a cire tsirkiyoyi huɗun da ta zo da su daga kamfani, tunda ta daɗe a shago. Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce. Ni ina tare da na biyun.

Tsirkiyar bas ƙarfe ce da aka naɗe da siririyar waya. Abin da ke kashe muryarta shi ne gumi da ƙura da ke shiga tsakanin naɗin, ga shi muna da ƙurar hunturu da zafin Afrilu. Ko mun je Sakkwato mun sayo mai tsada, in ba a wanke hannu kafin kiɗa, ba a goge ta da busasshen ƙyalle bayan sujada, ita ma mutuwa za ta yi.

In ta yi tsatsa, ko sautinta ya dushe, ko ta ƙi zama a saiti, to a canza, ɗaya bayan ɗaya, don kada wuyan jitar ya saki gaba ɗaya. Kafin nan, a bar ta ta yi aikinta.

'Yan'uwa, kuɗin nan baiko ne. A cikinsa akwai na gwauruwa, akwai na manomin da ya sayar da mudun geronsa. Ku karanta Luka 16:10 a kan aminci cikin ƙaramin abu, sannan ku faɗa mini: wa zai riƙe ƙyallen ran Lahadi?