Koyon Numfashi Bayan Shekara Arba'in

Duk wanda ya zauna Abuja ya san yadda hunturu ke yin sallama. Tun daga ƙarshen Nuwamba hazo zai sauko ya lulluɓe Dutsen Zuma, ƙurar masu fasa dutse a Mpape ta haɗu da hayaƙin janareto da na ƙunar daji. Ga sauran jama'a, lokaci ne na man shafawa da rigar sanyi. Gare mu kuwa, masu fama da ciwon fuka, wato asma, lokaci ne na lissafin numfashi kamar yadda mai ƙaramin albashi ke lissafin kwanakin wata.

Wata Talata cikin Disamba, muna tsaye gaban ɗalibai muna rera masu wata doguwar ƙasida domin su ji inda kari ke faɗawa, sai numfashi ya ƙare mana tun ba mu kai ga amsa-amo ba. Ƙirji ya ɗaure, wani siririn fito ya riƙa fitowa daga maƙogwaro. Ɗaliban da suka saba kiranmu Dakta, su ne suka tallabe mu zuwa asibiti.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, wata uku ke nan muna shaƙar magani safe da yamma ba fashi. Likita ya rubuta mana wani abin shaƙa mai kama da ɗan faifai, wanda ke ɗauke da garin magani na shaƙa 60. Da muka farfaɗo, sai wata ma'aikaciyar jinya, wadda a haife ba ta wuce ƙanwarmu ta uku ba, ta ce mu gwada mata yadda muke yi. Muka buɗe, muka ɗana, muka huro iska a cikinsa, sa'an nan muka zuƙa a hankali kamar mai kurɓar kunu mai zafi. Ta yi murmushi ta ce, “Ranka ya daɗe, ai wata uku kana ciyar da harshenka magani, huhu yana can da yunwa.”

Ashe abin shaƙa iri biyu ne. Akwai mai feshi, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1956. Shi iskar da aka matse a cikinsa ke turo magani, don haka a hankali ake zuƙarsa. Mai gari kuwa ba shi da abin da ke tura shi sai numfashin mai shi. Ka'idarsa ita ce mutum ya kau da kai ya fitar da iskar ƙirjinsa, ya kama bakin abin da leɓɓansa gam, ya zuƙa da ƙarfi har ƙirji ya cika, sa'an nan ya riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Hura iska a ciki kuskure ne, domin danshin baki na dunƙule garin. Haka ma danshin daminar Abuja, in an ajiye shi a buɗe. Bayan an gama sai a kurkure baki a tofar, don kada farin kumburi ya fito a harshe ko murya ta dushe. Malamin adabi kuwa, in ya rasa murya, me ya rage masa?

Ta ƙara da cewa irin wanda muke riƙe da shi na rigakafi ne, aikinsa kwantar da kumburin hanyoyin iska, ba na ceto ba ne a lokacin da ciwo ya tashi, kuma ba a barinsa don an ji sauƙi. Gaskiyar Hausawa, tambaya rabin ilimi. Girman kai ne kawai ya hana mu tambaya tun ranar farko.

Daga baya muka karanta tarihin Dakta Roger Altounyan, likitan da aka haifa a Halab ta ƙasar Sham, ya yi aiki a Ingila. Shi kansa mai fuka ne, kuma yakan tayar wa kansa da ciwon da gangan domin ya gwada sabon magani a huhunsa. Aikinsa ne ya haifar da Spinhaler a 1967, kakan masu garin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da fuka, kuma ta yi ajalin 455,000. A nan gida kuwa, tun daga 2023, da darajar naira ta faɗi, kuɗin irin wannan magani ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya saye shi da guminsa ya zubar a kan harshe, asararsa biyu ce.

Mako guda bayan mun koma aiki, wata ɗaliba ta biyo mu ofis, kanta a sunkuye. Ta ce, “Malam, ni ma ina da shi. A gida an ce in ɓoye, kada manema su ji.” Ta ciro nata daga ƙarƙashin littattafai, naɗe cikin hankici. Muka shaida mata cewa fuka ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma wanda ya riƙe magani yadda ya kamata yakan yi karatu, ya yi aure, ya tsufa. Muka tura ta wurin waccan ma'aikaciyar jinya, muka ce ta gwada a gabanta, kada ta ji kunyar da muka ji.

Talatar da ta biyo baya muka ɗauko ƙasidar nan daga inda muka tsaya, muka kai ta har ƙarshe. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.