Aljanar Majigi da Innar Gida

A shekarar 2013 mutanen Amurka suka yi wani fim, The Conjuring, labarin wani mutum da matarsa da 'ya'yansu mata biyar, waɗanda suka tare a wani tsohon gida, aljana ta hana su sakat.

Dattawan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba za su yi mamakin wannan ba. Tun kaka da kakanni sun san Inna, wadda 'yan bori ke kira Doguwa. In yaro ya kwana da zazzaɓi, ya wayi gari ƙafa ta shanye, sai a ce Inna ta sha shi. A yi yanka, a yi turare, ƙanensa ma ya kamu.

Ashe ƙwayar cuta ce, mai bin ƙazanta da gurɓataccen ruwa. Da aka dage da ɗiga wa yara maganin rigakafi, a 2020 aka shaida Nijeriya ta rabu da asalin cutar.

Tsoron majigi, da an kunna fitila ya wuce. Amma tsoron da ke hana uwa kai ɗanta rigakafi, shi ke barin gurgu a gida.