Shagonmu Ya Zama Masaukin Baƙi

Mu tagwaye ne, kuma a gidan tagwaye komai biyu ake saye. Takalmi biyu, yunifom biyu, littafin lissafi kaɗai muke karɓa-karɓa. Shekarar da muka shiga aji shida na sakandare a Ƙanƙara, Baba ya zaunar da mu a zaure bayan sallar isha'i ya yi mana lissafi. Babbar gonarmu da ke yamma da gari damina biyu ke nan ba a taka ta ba saboda 'yan bindiga. Ƙaramar da ke bayan gari tuwo kawai take ba mu. Ga rajistar JAMB ta mutum biyu, ga kuɗin darasin yamma. Ya ce, "Ku ma ku yi tunani, ai kun girma."

Abin da tunaninmu ya ba mu shi ne shagon ƙofar gida, ɗakin samarin da muka gada wurin Yaya bayan ya yi aure. Ƙofarsa na kallon titi, ba sai an ratsa cikin gida ba. Muka ce mu koma zaure da kwana, mu riƙa ba baƙi shagon haya na kwana biyu ko uku.

Ba mu ne muka ƙirƙiro dabarar ba. Malaminmu na tattalin arziki ya taɓa ba mu labarin wasu abokai biyu a birnin San Francisco na Amurka, waɗanda kuɗin haya ya gagare su a 2007. Suka shimfiɗa katifun hurawa a gidansu, suka sauki mutum uku da suka zo taro ba su sami otal ba. Daga nan kamfanin Airbnb ya samo asali. Da muka kawo wa Baba labarin cikin zumuɗi, dariya ya yi, ya ce ai wannan fatoma ne ya sami waya. Fatoma, in ji shi, shi ne maigidan da ke saukar da fatake a zango, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu in an ɗauki kaya bashi, sannan ya ci la'ada. Haka Hausawa suka yi ta yi da fataken shanu da na goro a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi. Ya ƙara da cewa manhajar waya ba za ta riƙe mu ba a garin da aka taɓa yanke layukan sadarwa tsawon watanni, kamar yadda aka yi mana a Satumbar 2021, mu da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi goma. Tallarmu ta baki ce: mai shayin tasha da wani kawunmu dillalin hatsi.

Da kaka ta yi, baƙi suka fara zuwa. Yawancinsu masu sayen masara da dawa ne da ke zagaya kasuwannin yankin, daga nan zuwa Sheme da Ɗandume, ba kuma mai son dare ya yi masa a hanya. Akwai direbobin da ke jiran lodin farar ƙasa, wadda aka san Ƙanƙara da ita.

Kada wani ya ce muku kuɗin kwance ne. Kafin mu tafi makaranta sai mun share ɗaki, mun cika buta da bokiti, mun kaɗe tabarma. Ranar Asabar wankin zanen gado da gidan sauro. Mun sayi ƙaramar fitila mai sola da ke cajin waya, ita ce ma ta fi katifar jawo mana baƙi. Mun ware littafi guda muna rubuta suna, garin da mutum ya fito, wanda ya turo shi, kwana nawa, nawa ya biya. Kuɗin kuwa hannun Inna yake zuwa, don ta san mu da tsire.

Sharaɗin Baba ɗaya ne: ba a ba kowa makulli sai wani sananne ya tsaya masa, kuma sai mai unguwa ya sani. Mun ɗauka tsanani ne. Amma duk ɗan Ƙanƙara yana tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta kwana, kuma kowa ya san ɓarayin daji ba sa shiga gari sai da ɗan rahoto. Sau ɗaya muka karya sharaɗin, Baba ba ya nan, mutumin kuma ya yi mana fara'a. Kwana uku ya yi, ya sulale kafin asuba da fitilarmu, bai biya ko sisi ba. Baba bai yi faɗa a kan fitilar ba. Tambayarmu ya yi ta yi me mutumin ya tambaye mu, gidan wa ya nuna, har sai da jikinmu ya yi sanyi.

Abin da ya raba kanmu ya zo ne cikin hunturu, saura kamar mako biyu a rufe rajista. Wani ɗan kasuwa daga Sabuwa ya kama ɗakin na mako guda, kuɗinsa ne zai cike mana giɓi. Ranar da zai iso, dab da magariba, kawunmu ya shigo da wani tsoho da surukarsa da yara huɗu. Daga wani ƙauye na ƙasar Faskari suka fito, an tashe su da dare, da ƙulli ɗaya da tukunya. Ƙaramin yaron ko riga babu.

Muka koma bayan gida muka yi gardamar da ba mu taɓa yin irinta ba. Ɗayanmu ya ce alkawari kaya ne, an riga an karɓi kafin alƙalami, kuma in rajista ta wuce shekara guda ce ta tafi. Ɗayan ya ce ba zai iya karatu a zaure yana jin tarin yaran nan a waje ba. Ba za mu faɗa muku wane ne ya faɗi wanne ba, domin kafin gari ya waye kowannenmu ya koma bakin ɗan'uwansa.

Inna ce ta yanke. Matar da 'yan matan biyu suka shiga ɗakinta, tsohon da samarin suka shiga shago. Da ɗan kasuwar ya iso muka yi masa bayani kanmu a ƙasa. Ya leƙa ɗakin, ya yi shiru, ya ce, "Samari, ku matsa mini a zauren." Ya kwana tsakaninmu mako guda yana minshari, ya biya rabin kuɗin da muka yi da shi.

Rabin bai isa ba. Akuyar Inna ce ta tafi kasuwa, muka yi rajista ana saura kwana biyu, kuma har yau in mun yi mata laifi sai ta tuna mana akuyarta. Baƙin sun fi wata guda kafin wani ɗansu ya samo musu ɗaki a Funtuwa. Mun yi asarar baƙi da dama a lokacin, wasu ba su sake dawowa ba.

Ranar tafiya tsohon ya kira mu, ya kwance bakin ƙullinsa, ya auno mana tiya biyu ta wake cikin irin da ya tsira da shi. Muka ce, "Baba, ku bar shi, na shuka ne." Ya ce shi bai taɓa kwana ɗakin mutum bai biya ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Muka ɗauko littafi, a layin kuɗi muka rubuta: wake, tiya biyu. Da damina ta faɗi muka shuka shi a gonar bayan gari, tsakanin kunyoyin dawa.